Tambayoyi da amsoshi kan yadda manhajar waya ke kiran uwar garke ta intanet

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu koyon ƙera manhajar waya a Gombe, musamman ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya da ke Kashere idan lokacin aikin kammala karatu ya zo. Domin bayanin ya zauna a kan abu guda, za a riƙa komawa ga misali ɗaya: a ɗauka wani dillalin hatsi a kasuwar Tudun Hatsi yana da yaran da suke saya masa masara da wake a ƙauyukan Dukku da Nafada, kuma yana so duk buhun da aka saya ya bayyana a wayarsa kafin motar kaya ta iso gari.

Me ake nufi idan aka ce manhaja ta kira wata hidima da ke nesa?

Ana nufin manhajar da ke cikin waya ta aika buƙata zuwa wata kwamfuta da ke kunne dare da rana a wani wuri, wato uwar garke, sannan ta jira amsa. Wayar yaron da ke Nafada ba ta magana da wayar maigidansa kai tsaye. Tana miƙa bayanin saye ga uwar garke, uwar garke ta adana shi a rumbun bayanai, daga baya wayar maigidan ta tambaya a ba ta abin da ya shigo. Ƙa'idar da ɓangarorin biyu suke bi ita ce HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya fara tsarawa a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba a wajajen 1990. An sabunta ta sau da dama: HTTP/1.1 ta fito a 1997, HTTP/2 a 2015, HTTP/3 kuma a 2022, amma tsarin tambaya da amsa bai sauya ba.

Me buƙatar take ƙunsa, kuma da wace siga amsa take dawowa?

Kowace buƙata tana da adireshi, da kalmar da ke nuna abin da ake so a yi, da ƴan bayanan kai, wani lokaci kuma da gangar saƙo. Kalmar GET ta karɓo bayani ce, POST ta ƙirƙirar sabon abu, PUT da PATCH na gyara, DELETE kuma ta gogewa. Idan yaron ya sayi masara buhu 40, manhajar za ta aika POST zuwa adireshin da aka ware wa saye, gangar saƙon kuma ta zama kamar haka: {"kaya": "masara", "buhu": 40, "gari": "Nafada"}. Wannan sigar rubutu ita ce JSON, wadda Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000, kuma ta rinjayi XML a manhajojin waya saboda ta fi gajarta da sauƙin karantawa. Salon raba kowane abu da adireshinsa tare da amfani da waɗannan kalmomi shi ake kira REST, daga kundin digirin digirgir da Roy Fielding ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a 2000. Har yanzu akwai tsofaffin hidimomi na bankuna da hukumomi da ke amfani da SOAP da XML, kuma idan aka haɗu da irin su, ya fi sauƙi a bar uwar garkenka ta yi magana da su, ita kuma ta miƙa wa waya JSON.

Me ya sa manhajar ba za ta shiga rumbun bayanai kai tsaye ba, a huta da rubuta wata hidima a tsakani?

Saboda yin haka yana nufin sanya sunan mai shiga da kalmar sirrin rumbun a cikin manhajar, kuma duk abin da ya shiga cikin fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake girka manhajar Android da shi, ana iya zaro shi da kayan aiki na kyauta irin su jadx. Wanda ya samu kalmar sirrin zai iya karanta cinikin kowa, ya sauya farashi, ko ya goge komai. Hidimar da ke tsakani ita ce ke tantance wanda ya aiko, ta duba ko yana da izinin abin da ya nema, ta kuma ƙi karɓar lissafin da ba ya shiga hankali, kamar buhu ƙasa da sifili.

Da zarar na danna maɓallin aikawa sai manhajar ta mutu. Ina matsalar take?

A Android abubuwa biyu ne suka fi jawo wannan ga mai koyo. Na farko shi ne mantawa da neman izinin INTERNET a cikin fayil ɗin AndroidManifest.xml, wanda layi ɗaya ne kawai. Na biyu shi ne yin kiran a kan babban layin aikin manhajar, wato layin da ke zana fuskar waya yana kuma amsa taɓawar yatsa. Tun daga Android 3.0 da ya fito a 2011, tsarin yana hana hakan ta hanyar jefa kuskuren NetworkOnMainThreadException. Dalilin hanin a fili yake: idan babban layi ya tsaya jiran amsa, fuskar waya tana daskarewa, kuma idan taɓawa ta kai daƙiƙa 5 ba a amsa ta ba, Android yana fito da sanarwar cewa manhajar ta daina amsawa, ya ba mai waya zaɓin rufe ta. Maganin shi ne a tura kiran zuwa layin baya. A Kotlin ana yin haka da coroutines, a Flutter kuma da async da await, sannan a dawo da sakamakon babban layi domin nunawa. Kafin a tambayi kowa, a buɗe Logcat, wato tagar Android Studio da ke nuna rahoton abin da manhaja ke yi, a karanta jan rubutun da ya fito, domin galibi sunan kuskuren da layin da ya auku suna nan a rubuce.

Adireshin yana aiki a kwamfutata, amma a waya ba ya aiki. Me ya sa?

Idan adireshin ya fara da localhost ko 127.0.0.1, to kowace na'ura kanta take nufi da shi, saboda haka wayar tana neman uwar garke ne a cikin cikinta. A wayar gwaji ta Android Studio, adireshin da ke kai wa ga kwamfutar da ke ɗauke da ita shi ne 10.0.2.2. A waya ta zahiri kuwa, sai a haɗa ta da kwamfutar a kan Wi-Fi ɗaya a yi amfani da lambar da kwamfutar ta samu a wannan haɗin, wadda sau da yawa take farawa da 192.168, kuma a tabbata shirin da ke kwamfutar yana sauraron kira daga waje.

Akwai cikas na biyu da ke biyo baya. Daga Android 9 na 2018, manhajar da aka gina domin wannan mataki ko sama da shi ba ta aika buƙata ta http marar kariya, maimakon https mai kulle saƙo, sai an ba ta izini na musamman, kuma Apple ya sanya irin wannan sharaɗi tun iOS 9 a 2015. Ana iya buɗe ƙofar ga adireshin gwaji kaɗai a cikin fayil ɗin tsaron sadarwa. Buɗe ta ga kowane adireshi sannan a saki manhajar a haka sakaci ne, domin duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da mai amfani zai iya karanta abin da ke wucewa.

Da wane laburare ya kamata in fara?

Laburare kod ne da wasu suka riga suka rubuta domin sauƙaƙa aiki irin wannan kira. Mai rubutu da Kotlin ko Java ya ɗauki Retrofit, wanda ke zaune a kan OkHttp, dukansu daga kamfanin Square. Mai Flutter yana da http da dio, mai iOS yana da URLSession a cikin tsarin, mai React Native kuma yana da fetch. Duk darasin da ya koyar da HttpClient na Apache ko AsyncTask ya tsufa: an cire na farko daga Android 6.0, na biyu kuma an daina ba da shawararsa tun Android 11.

Me lambobin nan 200 da 404 da 500 suke faɗa, kuma me manhaja za ta yi da su?

Uwar garke ce ke haɗa irin wannan lamba da kowace amsa, kuma lambar farko a cikinta ita ce ke nuna rukuni. Masu farawa da 2 nasara ce, kamar 200 da kuma 201 da ke nufin an ƙirƙiri sabon abu. Masu farawa da 4 suna cewa gyaran yana wajen mai aikowa: 400 buƙatar ba ta da tsari, 401 ba a san ko kai wane ne ba ko tikitin shigarka ya ƙare, 403 an san ka amma ba ka da izini, 404 babu abin da ka nema, 429 ka cika aikowa. Masu farawa da 5 matsalar uwar garke ce, kamar 500 da 503. Amfanin rarrabewar shi ne kowane rukuni da matakinsa. Sake aika buƙatar da ta samu 400 ɓata data ne, domin amsar ba za ta sauya ba. Wadda ta samu 503 tana iya wucewa bayan ɗan jira, ita kuwa 401 tana buƙatar a sabunta tikiti ko a mayar da mutum shafin shiga. Mai amfani ba ya buƙatar ganin lambar. Yaron da ke tsakiyar kasuwa a Dukku abin da zai amfane shi shi ne a rubuta masa cewa an adana sayen a waya kuma za a tura shi idan sabis ya dawo.

Sabis ya yanke bayan an danna aikawa. Shin a sake turawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce darussan da aka rubuta a ƙasashen da intanet ba ya yankewa suka fi tsallakewa. Mai koyo yakan ɗauka kira yana ƙarewa ne da nasara ko rashin nasara. Akwai hali na uku, wanda a hanyar Bajoga zuwa Nafada ba baƙo ba ne: buƙatar ta isa, uwar garke ta rubuta buhu 40, amma amsar ta ɓace a hanyar dawowa. Daga ɓangaren waya, wannan bai bambanta da buƙatar da ba ta isa ba ko kaɗan. Daidai yake da wanda ya ba direba saƙon kuɗi a tasha, bai ji kiran wanda aka aika wa ba, ya rasa ko kuɗin ne ba su isa ba ko kuwa wayar mutumin ce a kashe. Idan manhajar ta sake turawa ba tare da dabara ba, littafin maigida zai nuna buhu 80, kuma rigimar da za ta biyo baya tsakaninsa da yaronsa ba manhaja ce za ta sasanta ta ba.

Maganin shi ne wayar ta ƙirƙiri lambar shaida ta musamman ga kowane saye tun kafin ta aika, yawanci UUID, wato doguwar lamba da da wuya a samu biyu iri ɗaya, ta adana ta, kuma ta riƙa haɗa wannan lamba ɗin a duk sake turawa. Uwar garke kuma ta riƙe lambobin da ta riga ta gani. Idan lambar ta sake zuwa, ba za ta rubuta sabon saye ba, sai dai ta mayar da amsar da ta bayar da farko. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe yana karɓar irin wannan lamba a cikin bayanin kai mai suna Idempotency-Key, kuma tsarin yana da sauƙin kwaikwayo: ginshiƙi ɗaya a rumbun bayanai da aka hana maimaita ƙima a cikinsa ya wadatar. Dole ne lambar ta fito daga waya kuma ta tsira ko da an rufe manhajar, domin idan sabuwa ake ƙirƙira a kowane dannawa, ba a yi komai ba. Kashe maɓallin bayan dannawar farko yana da kyau, amma ba ya maye gurbin wannan.

GET ba ta da wannan haɗari tunda karantawa kawai take yi. Game da tazarar sake gwadawa, a riƙa ninka jira, daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, sai 8, tare da ɗan bambancin lokacin jira tsakanin wayoyi, domin kada dukansu su afka wa uwar garke lokaci guda idan ta farfaɗo. OkHttp yana jiran daƙiƙa 10 ne a kowane mataki na haɗuwa da karantawa da rubutawa idan ba a sauya ba. A ganina wannan ya yi kaɗan ga wanda sabis ɗinsa ya sauka zuwa 2G, kuma ƙara shi zuwa daƙiƙa 30 ga aikin da ke gudana a baya ba laifi ba ne.

Yaya manhaja za ta yi aiki a inda babu sabis gaba ɗaya?

A juya tsarin. Maimakon a aika sannan a nuna, a fara rubuta sayen a rumbun da ke cikin waya, wato SQLite, wanda a Android ake sarrafa shi da Room, a yi masa alamar cewa yana jiran turawa, a kuma nuna wa mai amfani nan take. Daga nan a damƙa turawar ga WorkManager, mai tsara ayyukan baya a Android, tare da sharaɗin samun intanet. Shi yana riƙe aikin ko da an rufe manhajar ko an kashe wayar an kunna. Sai dai a san iyakarsa: aikin da ake maimaitawa ba ya sauka ƙasa da tazarar minti 15, kuma tun Android 6.0 waya tana jinkirta ayyukan baya idan ta daɗe a ajiye. Wasu wayoyin suna da nasu tsarin tattalin batir da ya fi na asali tsauri, saboda haka ya kamata a bar maɓallin turawa da hannu, a kuma nuna adadin sayen da bai tafi ba tukuna. Wani abin lura shi ne ganin sandunan sabis ko alamar 4G ba ya tabbatar da cewa intanet na tafiya, domin data tana iya ƙarewa alamar tana nan. Hanyar sani ita ce a gwada kiran a ga abin da ya dawo.

A ina zan ɓoye mabuɗin sirri na hidimar biyan kuɗi?

Ba a cikin manhajar ba, ko ta wace dabara. Paystack, misali, yana ba da mabuɗi biyu: na fili mai farawa da pk, wanda aka yarda ya shiga waya, da na sirri mai farawa da sk, wanda wurinsa uwar garke ne kaɗai. Bayan mai saye ya biya, kada uwar garke ta amince da maganar waya cewa an biya. Ita da kanta za ta tambayi kamfanin da lambar cinikin, ta duba cewa kuɗin da aka biya sun yi daidai da abin da ake bi, sannan ta saki kaya. A tuna cewa Paystack da kwabo yake lissafi, wato naira 5,000 ana aika ta a matsayin 500000. Tikitin shiga na mai amfani kuwa yana zama a waya, amma a kulle shi da Keystore a Android ko Keychain a iOS, kuma a ba shi gajeren wa'adi.

Me ya sa https yake aiki a wasu wayoyi, a wasu kuma ya ƙi?

A fara duba kwanan watan wayar. Takardar shaidar uwar garke, wadda https ke dogara da ita, tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma wayar da batirinta ya mutu ta koma wata tsohuwar shekara za ta ɗauki takardar a matsayin wadda lokacinta bai yi ba. Sai a duba takardar kanta: ta Let's Encrypt, wata cibiya mai bayar da irin wannan takarda, kyauta ce, amma gajeren wa'adi gare ta, bisa al'ada kwana 90, kuma idan sabuntawa ta atomatik ta tsaya, duk wayoyi za su yanke rana ɗaya. Na uku shi ne tsufan waya. Wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1 ba su zo da tushen shaidar ISRG Root X1 ba, kuma dabarar da Let's Encrypt ya yi amfani da ita domin tallafa musu ta ƙare a 2024. Idan akwai masu irin waɗannan wayoyi a cikin masu amfani, ana iya sanya tushen a cikin manhajar. Abin da ba a yi shi ne kwafo kod ɗin da ke amincewa da kowace takarda domin kuskuren ya ɓace, saboda hakan yana rushe kariyar baki ɗaya, kuma Google Play yana gargaɗi a kan manhajojin da suka yi shi.

Masu amfani suna kukan cewa manhajar tana shan data. Me za a rage?

Hotuna ne kan gaba. Hoton rasit da kyamara ta ɗauka yana iya kai megabayit uku ko fiye, alhali idan aka rage girmansa kafin turawa, rubutun zai karantu a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Bayan haka, kada a sauko da tarihin ciniki gaba ɗaya a kowane buɗewa. A karɓo shafi-shafi, ashirin ko talatin, ko kuma a tambayi abin da ya sauya tun kiran ƙarshe kawai. A kunna matse saƙo na gzip a uwar garke, tunda OkHttp yana nemansa yana kuma warware shi da kansa. A yi amfani da ETag, wato alamar da uwar garke ke liƙa wa bayani wadda ke sauyawa idan bayanin ya sauya, domin idan jerin farashi bai sauya ba, uwar garke ta amsa da 304 ba tare da gangar saƙo ba. Tambayar uwar garke duk bayan ƴan daƙiƙu ko akwai sabon abu tana cinye data da batir tare, kuma sanarwar Firebase Cloud Messaging, hidimar Google mai tura saƙo zuwa waya idan sabon abu ya shigo, ta fi dacewa da wannan aiki.

Shin wurin da uwar garke take yana da tasiri?

Yana da shi, kuma ana iya lissafa shi. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Kebul ɗin MainOne da ya haɗa Legas da Fotugal a 2010 yana da tsawon kusan kilomita 7,000, saboda haka zuwa da dawowa a kansa kaɗai yana cin kusan kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa, ban da tafiyar Gombe zuwa Legas da jinkirin turken sabis. Sabon haɗi kuma yawanci yana buƙatar zuwa da dawowa aƙalla sau uku kafin amsa ta iso: na buɗe haɗin (TCP), na ƙulla kariya (TLS), sai na buƙatar kanta. Shi ya sa ake ƙirƙirar OkHttpClient guda ɗaya a yi ta amfani da shi, domin ya riƙe haɗin a buɗe, kuma shi ya sa kira ɗaya mai ɗauke da abin da shafi ke buƙata ya fi kira biyar a jere. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya har bankuna suka shiga matsala. Manhajar da ke adana aiki a waya tana jiran turawa ita ce ke ci gaba da amfani a irin wannan rana.

Me ya sa ƙ da ɗ da ɓ suke komawa alamar tambaya bayan sun je sun dawo?

Wani wuri a hanyar ba ya amfani da UTF-8, wato tsarin adana haruffa da ke ɗaukar irin waɗannan haruffa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa bayit biyu yake ci, alamar ₦ kuma uku, saboda haka rumbun da aka saita a kan latin1 ba zai iya riƙe su ba. A MySQL a zaɓi utf8mb4 ga teburi da kuma haɗin da ke shiga rumbun. Irin wannan kulawa ta shafi lokaci da kuɗi: a aika lokaci da sigar ISO 8601 a agogon UTC, waya ta ƙara awa ɗaya ta Najeriya wajen nunawa, kuɗi kuma a riƙe su da kwabo a cikakkiyar lamba, domin lamba mai ɗigo tana kawo ƴan kurakurai wajen tarawa.

Akwai wata doka da ta shafi bayanan da manhajar ke aikawa?

Akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na shekarar, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya ce ke kula da aiwatar da ita. Suna da lambar waya da wurin da mutum yake da NIN da BVN duk bayanan mutum ne. A karɓi abin da aikin ke buƙata kaɗai, a sanar da mutum dalilin karɓa, kuma kada a sanya irin waɗannan lambobi a cikin adireshin buƙata, domin adireshi yana shiga rajistar uwar garke inda ma'aikata da yawa ke iya gani.

Idan na sauya tsarin hidimar, me zai faru da masu tsohuwar manhaja?

Za su ci gaba da aiko da tsohon tsari, wataƙila har shekaru. A nan mutane da yawa ba daga Play Store suke sauke manhaja ba. Ta Xender ake tura musu daga wayar aboki ko a shagon masu cajin waya, kuma irin wannan kwafi ba lallai ne ya sabunta kansa ba. Saboda haka a sanya lambar zubi a adireshi tun ranar farko, kamar v1, kuma idan sauyin zai karya tsohon tsari, a buɗe v2 a bar v1 tana aiki. Ƙara sabon fili a cikin JSON ba ya cutarwa muddin an saita manhajar ta yi watsi da filin da ba ta sani ba, amma sauya sunan fili ko goge shi yana kashe tsofaffin wayoyi. Yana da kyau kowace buƙata ta riƙa ɗauke da lambar zubin manhajar, ta yadda uwar garke za ta san yawan waɗanda suka rage a kan tsohon, ta kuma iya aika musu sanarwar sabuntawa kafin ranar da za a rufe v1.